Irin Ta Likita

A bakin gulbin Argungu, idan taru, babbar ragar masunta, ya maƙale a saiwa ƙarƙashin ruwa, Labbo ake kira. Tun yana saurayi haka abin yake. Zai tuɓe riga, ya ja numfashi, ya nutse, mutane su tsaya suna kallon wurin da ya shiga har baƙi su fara salati. Sai can ya ɓullo da igiyar taru a hannu, ya fesar da ruwa, ya tambayi wa ke da wuta.

Wutar ta lofensa ce, 'yar tukunyar shan taba da ya gada wurin mahaifinsa. Tabar gida yake cusa mata, baƙa, wadda ake nomawa a bayan gari a shanya a inuwa. Matarsa Balaraba, mai bandar kifi, ta daɗe tana ce masa tabar nan za ta cinye masa ƙirji. Shi kuwa amsarsa guda ce, wai hayaƙin murhunta ya fi na lofensa yawa, kuma ga ta nan garau.

A kakar wata shekara, lokacin Argungu da Birnin Kebbi duk suna cikin jihar Sakkwato, taru ya maƙale aka kira shi. Ya nutse kamar kullum, amma kafin mutane su gyara tsayuwa ya taso hannu wofi yana tari. Ya kama bakin jirgi ya daɗe bai saki ba. Ya koma, ya sake tasowa da wuri. Kalilu ɗan ƙanensa ne ya shiga ya kwance tarun.

Ran nan Labbo bai ci tuwo sosai ba. Ya ce wa Balaraba ruwa ne ya yi sanyi. Ba ta musa masa ba, amma ta san tun damina yake tarin, ta kuma san idan zai hau gangare daga gulbi sai ya tsaya ƙarƙashin tsamiya kamar yana duba wani abu a ƙafarsa. Masunci idan numfashi ya ƙare masa, zama yake a tudu yana ɗinke ragar wasu, yara su riƙa kawo masa kifi don tausayi. Wannan zaman ne Labbo yake tsoro, ya fi tsoronsa a kan ciwon kansa.

Ita kuma tsoronta tarin fuka ne. Ta yi ta lallashi har ya je asibitin garin, malamin asibiti ya ce su tafi Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙirji. Ta ce za ta bi shi, don ta san idan shi kaɗai ya je zai ce wa likita mura ce ta jiya.

Likitan da suka samu sunansa Simeon, dogon mutum daga Filato, mai fara'a, yana Hausa irin ta Jos. Da ya ji daga Argungu suke, sai ya tambayi Labbo ko gaskiya ne masuntan can suna hira da kada. Labbo ya ce hira dai a'a, gaisuwa ce kawai a wuce. Suka yi dariya, Balaraba ta sunkuyar da kai tana murmushi cikin mayafi.

Likita ya sa abin sauraro a kunne, ya bi bayan Labbo da shi sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa da yatsu. Daga nan ya sa hannu a aljihun farar rigarsa zai ɗauko ashana, sai wani jan kwalin sigari ya biyo hannun. Ya yi sauri ya mayar da shi. Ya kyasta ashanar, ya riƙe ta nesa kaɗan da fuskar Labbo, ya ce ya buɗe baki sosai ya huro ya kashe ta. Labbo ya huro, harshen wutar ya kwanta ya miƙe. Ya sake hurowa, wutar ta ci gaba da ci har ta kusa kai yatsun likita. Mutumin da ake faɗin numfashinsa daga Argungu har Gulma ya kasa kashe tsinken ashana. Bai dubi wajen matarsa ba.

Bayan azahar aka sake kiransu, hoto ya fito. Likita ya ɗaga shi wajen taga ya ce ba tarin fuka ba ne. Balaraba ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ya ce hanyoyin iska ne suka kumbura suka ƙuntata, zai ba da magani, kuma idan an kula abin ba zai yi gaba da sauri ba.

Ita tana jiran magana guda. Duk hanya abin da take roƙo ke nan, likita ya faɗa da bakinsa, tunda nata bakin bai isa ba. Sai ga shi ya tambayi Labbo ko yana shan taba. Labbo ya ciro lofe daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Likita ya kai shi hanci, ya yamutsa fuska, ya mayar masa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ɗan taɓa aljihun rigarsa, ya mai da idonsa kan tebur.

"Baba, wannan tana da ƙarfi. Ka bar wannan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya shiga bayanin yadda za a sha magani, ya yi wa Balaraba sannu da ɗawainiya, aka kira na gaba.

Suna jiran magani a tagar bayan asibiti, sai Labbo ya hango likita ƙarƙashin wata dogonyaro, ya jingina da bango, yana zuƙar farar sigari da sauri-sauri. Labbo ya ɗaga masa hannu. Likita ya ɓoye hannu guda a baya, ya amsa da ɗayan, ya yar da guntun ya koma ciki. Labbo ya taka har wurin ya tsinci guntun. Ya daɗe yana juya shi. A gindinsa akwai wani abu fari mai laushi da ya ɗan yi ja.

A cikin motar komawa gida, suna wuce fadamun shinkafa, ya nuna mata.

"Kin ji abin da yac ce. Wagga yac ce in bari, bai ce taba ba."

"Maigida, wagga da waccan ai dut hayaƙi na."

"Ke kin hi likita sani? Duba nan. Auduga ta, irin wadda anka danna mini a hannu bayan allura. Ita ka tare ciwon. In da cuta cikinta, mutumin da ka ganin cikin ƙirji da hoto shina sha?"

Balaraba ta mai da ido kan fadamun. Ita ma ta ji kalmar da kunnenta, ta kuma ga likitan da idonta.

Labbo mutum ne mai cika umarni. Washegari ya ba wani abokinsa na Gulma lofen da sauran tabar gida, ya ce shi likita ya hana shi. Ya wuce bakin kasuwa wurin Tamba mai tebur, wanda rumfarsa take kusa da inda Balaraba ke kasa kifin banda. Bai san sunan sigarin ba, sai ya ce a ba shi irin ta likita, mai jan kwali, mai auduga. Tamba ya tambayi wane likita, Labbo ya ba shi labari tun daga ashana har gindin dogonyaro.

Tamba ba ya barin magana mai daɗi ta faɗi ƙasa. Kafin kasuwa ta sake zagayowa, jan kwali ya bar tsakiyar kaya ya hau saman gwangwanayen madara, inda kowa zai gani. Duk wanda ya zo sayen sigari sai ya tambaye shi, ta kowa yake so ko ta likita. Sunan ya bi gari. Masunta masu lofe suka fara jin kunyar lofensu. Wani mai albasa da mura ta kama ya sayi kara guda ya sha don ta buɗe masa hanci. Kalilu, wanda bai taɓa kai taba baki ba, ya fara saƙale kara a bayan kunne, yana cewa tana gyara numfashi kafin nutso.

Maganin asibiti ya yi aiki a farko. Tarin ya lafa, Labbo ya koma hawa gorarsa ta iyo yana jan homa, ragarsa ta hannu, kuma duk wanda ya yi masa barka sai ya buga aljihu ya ce ga sirrin nan. A shekarar nan kifi ya yi albarka. Tarwaɗa da karfasa suka cika murhun Balaraba, 'yarsu da ke aure a Zauro ta zo wanka da jariri, gidan ya cika da mata da ƙamshin kunun kanwa. Labbo kan zauna a ƙofar gida da yamma yana wasa da jikan, yana kiransa maƙwacin mata, wai ya zo ya ƙwace masa Balaraba.

Sai dai sigari ba ta kama shi kamar lofe. Kara guda ba ta isarsa, sai ya bi ta da wata. Da magani ya ƙare tarin ya dawo, tsayuwar gindin tsamiya ita ma ta dawo. Idan taru ya maƙale sai ya ce Kalilu ya shiga, wai yana koya masa ne. Balaraba ta yi tunanin komawa Birnin Kebbi ita kaɗai. Amma da ta kwatanta kanta tsaye gaban likita tana ce masa maganarsa ba ta cika ba, sai ta fasa.

Ana saura kwanaki Kirsimeti, ranar kasuwa, wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin rumfuna. Wani dogon mutum ya fito da riga mai gajeren hannu, tare da matarsa mai ɗaurin kallabi babba. Kifi suka zo saye na biki. Balaraba ta gane shi tun daga tafiyarsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matar, wadda ta ji ya kira Caroline, ta tsaya tana duba busassun kifi a tiren maƙwabciyarta, shi kuma ya zame ya nufi teburin Tamba.

Tamba bai san shi ba. Ya yi masa maraba, ya tambaye shi ta kowa yake so ko ta likita.

Mutumin ya ce, "Wace ce ta likita?"

Tamba ya ɗauko jan kwali ya kaɗa masa. Ya ce ai baƙo ne shi ya sa bai sani ba. Wani babban likita ne a Birnin Kebbi, mai ganin cikin mutum da hoto, ya ɗora Labbo masunci a kanta saboda ciwon ƙirji. Likitan da kansa ita yake sha. Audugar gindinta daga asibiti ake sa ta. Yanzu rabin masuntan gari a kanta suke, har samarin da ba su sha da can. Ya ce in baƙo yana da tari ya gwada kara biyu ya gani.

Caroline ta riga ta matso tana ji. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"To, Likita, sannu da aiki. Ashe har Argungu maganinka ya kawo. Ni da nake fama da kai a gida ban san asibiti nake rufewa ba."

Tamba ya dubi matar, ya dubi mijin, ya sauke kwalin a hankali ya tura shi bayan gwangwanaye. Likita bai yi dariya ba. Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwa, sannan ya tambaya a ina zai sami wannan Labbo.

Balaraba ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta miƙe, ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata kifi, ta matso ta durƙusa kaɗan.

"Likita, ni ce iyalinsa. Shina bakin gulbi."

Suka bar motar a kasuwa suka bi ta a ƙafa. A hanya ya tambaye ta tarin, ta gaya masa komai, kanta a ƙasa, Caroline tana riƙe da hannunta kamar sun daɗe da sanin juna.

Labbo yana zaune a inuwa tare da masunta, yana gyaran homa. Da ya ga wanda ke tafe sai ya miƙe da murna, ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ya shiga nuna wa mutane cewa ga likitan nan da kansa. Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali. Sai Labbo ya ciro jan kwali ya buɗe, ya miƙa wa baƙonsa, yana duban jama'a don su shaida.

Likita bai karɓa ba. Ya nemi su ɗan koma gefe. Suka matsa bayan wani jirgi da aka kife ana liƙe shi, matan biyu suka tsaya nesa kaɗan inda suna ji.

"Baba Labbo, wannan ba magani ba ce. Ita da lofenka duk abu ɗaya ne. Ita ce take rufe maka ƙirji."

Labbo ya dube shi. "Kai kac ce in bar waccan."

"Na ce. Abin da ya kamata in ce shi ne ka bar taba duka. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna tawa tana aljihu, kuma ka gan ta. Sai bakina ya yi nauyi, na faɗi rabi."

"To kai don mi kaka sha?"

"Ta fi ƙarfina ne. Tun ina makaranta. Na bari ya fi a ƙirga, ina komawa."

Labbo ya juya kwalin a hannunsa. Can ya tambayi audugar fa. Likita ya duƙa ya tsinci wani guntu a ƙasa, ya yage takardar, ya baje audugar a tafin hannunsa. Ta yi ja kamar an tsoma ta a ruwan goro. Ya ce wannan ɗan abin ne kawai ta tare, sauran duk ya wuce ciki. Labbo ya taɓa ta da yatsa, ya ce wato raga ce mai faɗin ido, ta kama ɗaya goma su fice. Likita ya ce haka ne.

Ran Labbo ya ɓaci, kuma ba ciwon ne ya fi ɓata masa rai ba. Ya ce shi bai taɓa yi wa mutanen gulbi ƙarya ba, ga shi an sa ya yi wata da watanni yana tallar cuta, har ɗan ƙanensa ya ɗauka. Ya ce idan shi ya koma ya ce musu ba haka ba ne, za su ce tsufa ya fara taɓa shi. Wanda ya faɗi rabi shi zai je ya cika.

Caroline ta ce daga inda take, gaskiyar Baba ce. Likita ya share gumi duk da sanyin da ake yi, ya koma wurin tabarma, ya tsaya gaban masunta. Ya faɗa musu a fili cewa babu wata taba ta likita, babu ta asibiti, kowace iri tana cin huhu, tana rage numfashi, kuma masunci ya fi kowa asara. Ya ce kuskuren nasa ne, ba na Labbo ba.

Wani tsoho da ake kira Riskuwa, mai ido ɗaya da tsokana, ya tambaya daga baya, "To Likita, kai ka bari?"

"Ban bari ba tukuna."

Aka kwashe da dariya. Riskuwa ya ce ashe wanzami ne ya zo da ƙaho, shi ma jininsa na neman a ja. Likita ya tsaya aka gama dariyar, bai kare kansa ba. Kalilu ya zare karan da ke bayan kunnensa ya duba shi, ya rasa inda zai sa shi, ya jefa cikin gulbi.

Labbo ya ga mutumin nan mai farar riga a asibiti ya tsaya ana yi masa dariya a bakin ruwa bai gudu ba, sai fushinsa ya sauka. Ya jawo shi ya zaunar a tabarma, ya ce tunda ya sha bari yana komawa, to ya san hanyar, ya gaya masa inda ramukan suke.

A nan likita ya saki jiki. Abin da bai faɗa a asibiti ba ya faɗe shi duka, kuma ba daga karatu ya ɗauko ba. Ya ce kwanakin farko mutum zai ji haushin kowa, har kazar gida. Tari zai ƙaru kafin ya ragu, kada ya tsorata, ƙirji ne ke share kansa. Ya ce sha'awar tana zuwa ne kamar igiyar ruwa, ta taso ta wuce, in an daure kaɗan. Wuraren da ta fi kama mutum su ne bayan cin abinci, da lokacin da ya fito daga ruwa yana jin sanyi, da zama cikin masu sha. Ya sa asuwaki a baki a waɗannan lokutan, ko ya tashi ya kama wani aiki. Kuma kada ya yarda da kara guda don gwaji, shi duk komawar da ya yi daga kara guda ta fara. Ya dubi Balaraba ya ce ta yi haƙuri da duk abin da za ta ji a gida, ba mijinta ne ke magana ba.

Labbo ya saurara kamar ana kwatanta masa gurbin kifi. Da aka gama ya miƙa wa Balaraba jan kwalin ya ce ta sa a murhu. Sannan ya juya ga likita.

"Ni da kai, mu ga wa ka riga wani barin ta. In na riga ka, kai ka zo nan ka ci tuwo. In ka riga ni, ni ka kai maka giwan ruwa har gida."

Caroline ta ce ta shaida, kuma ita tana bayan Baba. Suka koma kasuwa, Balaraba ta zaɓa musu kifi mafi kyau a tirenta. Tamba ya ga wucewarsu ya yi kamar yana lissafin ashana.

Duk abin da likita ya faɗa sai da ya faru. Labbo ya yi faɗa da Kalilu a kan ƙulli guda na raga, ya ce miyar Balaraba ba gishiri, washegari ya ce ta yi gishiri. Ya tauna asuwaki har itacen bayan gida ya fara ƙarewa. Ya daina zama a inuwar masu lofe, ya koma can gefe wajen masu liƙin jirgi. Wata rana Balaraba ta hango shi ya tsaya gaban teburin Tamba ya daɗe, hannunsa a aljihu. Ba ta kira shi ba, ta ci gaba da juya kifi. Ya sayi alewa ya wuce.

Direban motar da ke zuwa Birnin Kebbi shi ya zama ɗan aikensu. Labbo kan ce a gaya wa Likita har yanzu yana kan ruwa bai nutse ba. Amsa takan dawo. Da farko likita ya aiko cewa shi ma yana nan. Bayan sabuwar shekara ya aiko cewa ya faɗi, amma ya tashi. Da Labbo ya koma asibiti a duba shi, ya shinshina rigar likita ba kunya, ya ce akwai saura. Likita ya amsa cewa akwai, amma kwali ya bar aljihu, kuma yanzu duk mai tarin da ya shigo ɗakin nan yana jin maganar a cike, har da cewa mai faɗin ma yana fama. Ya saurari bayan Labbo ya ce numfashin samartaka ba zai dawo duka ba, abin da ya lalace ya lalace, amma wanda ya rage zai riƙe shi shekaru a cikin ruwa. Zurfin da ya fi tsayin mutum biyu ya bar wa Kalilu. Labbo ya ce zai duba. Kafin azumi likita da Caroline suka zo Argungu suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, Riskuwa ya zo musamman don ya tambayi wanzami labarin ƙahonsa.

Wata safiya da bazara Balaraba ta farka ta ga rana ta riga ta shigo ta ƙofar ɗaki. Ta zabura, don ba ta taɓa makara haka ba. Ta yi salla a gurguje tana mamakin abin da ya same ta. Tana naɗe tabarma ta gane. Shekara da shekaru ba kiran salla ke tashinta ba, tarin Labbo ne na asuba, wanda yakan yi a bakin randa kafin alwala. Yau bai yi ba. Ya tashi, ya je masallaci, ya ɗauki homarsa ya fita, ba ta ji komai ba.

Ta ɗauki kwando ta gangara gulbi karɓar kifi. Ruwa ya ja baya, masunta sun bazu a kan gorunansu. Ta hango shi can tsakiya. Ya zame daga kan gora ya nutse, ta tsaya da kwando a ka tana kallon wurin. Bai daɗe kamar da ba, amma bai taso da wuri ba. Ya ɓullo da tarwaɗa tana fisge-fisge a cikin homa, ya fesar da ruwa, ya hango ta a tudu.

"Sai yanzu? Rana ta yi, Balaraba."

"Laihinka na, Maigida," in ji ta, ta sauke kwandon ta shiga ruwa har gwiwa ta tarye shi.